Alaji, murar kaka ko borin kaka: wanne za mu ɗauka?

Jama'a, ku zo mu yanke wa kalmar nan hukunci. Abin da likitoci ke kira alaji, wato jiki ya ƙi jinin wani abu da ba ya cutarwa kamar ƙurar fure, har yau ba mu tsayar masa da suna ba. Aron ma ya ƙi zama: ka ce "ina da alaji", a tambaye ka wane Alhajin.

Kalmar ba ta ma tsufa ba. Likitan yara Clemens von Pirquet ne ya ƙirƙiro ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1906, daga Girkanci, yana nufin jiki ya mayar da martanin da ba a saba gani ba.

Don alajin da ke tashi lokacin kaka, wata 'yar'uwa ta kawo "murar kaka". Da daɗin faɗi, Hajiya, amma ban yarda ba. Mura ƙwayar cuta ce, ana ɗauka, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma ta wuce. Alaji kuwa ba a ɗaukarsa. Atishawa biyar, shida a jere, majina tsararo kamar ruwa, ido ya yi jawur yana ƙaiƙayi, har ganɗa sai ka riƙa sosa ta da harshe, kuma a yi makonni ana abu ɗaya. In muka ce mura, sai mutum ya yi ta jiran ta wuce.

Ni "bori" nake so. Muna da "borin jini" tuntuni, na kumburin fata mai ƙaiƙayi. Ku dubi yaron da ke bori: abin da aka yi masa bai kai ya kawo ba, amma ya faɗi yana birgima. Haka garkuwar jiki take yi. Ƙurar fure ce ta shiga hanci, ko hunhunar ganyen da ya zube ya jiƙe, sai ta ɗauke su abokan gaba, ta saki sinadarin histamin mai jawo atishawa da ƙaiƙayi. A Amurka ciyawar ragwid ce uwar tafiya, daga tsakiyar Agusta har sanyi ya kama.

To ga shawarata: borin jiki ya zama sunan gaba ɗaya, borin jini ya tsaya a fata, na lokacin kaka kuma borin kaka.

Na gwada shi a baki: "Borin kakata ya tashi, na rufe tagogi, na wanke hanci da ruwan gishiri, na sha maganin setirizin tunda maganin Piriton barci yake sa ni." Ya zauna daram.

Wani Malam ya ce kada a zaci borin iskoki ne. Allah ya gafarta Malam, mai borin jini ma asibiti ake kai shi.