Dan Allah a ba ni shawara: MT-07 ko CB500F, daga Masaka zuwa cikin Abuja kullum

Ɗan Masaka: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu manyan mashina ku taimaka min kaina ya kulle. A Masaka nake zaune aiki kuma a Wuse, duk wanda ya san hanyar nan ya san me nake nufi, Ado, Mararaba, Nyanya, Kugbo har AYA, in ba kana sallame asuba ka fito ba to ka makara ka gama. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 motar ta zame min kaya, albashi a tanki yake ƙarewa ga goslo, sai na sayar da ita, surukina kuwa shi ya nemo min ita tun farko, har yau gaisuwarmu sama-sama ce, uwargida ita ma fushi take wai da me zan kai yara asibiti in dare ya yi, na ce mata ai akwai motar maƙwabci ta ce maƙwabci ba mijinta ba ne, toh dai a bar wannan. Mashin nake so mara riga, irin wanda ba a lulluɓe shi da robobi ba, kada ya faɗi in shiga neman roba. Wani a Legas ya turo min bidiyon Yamaha MT-07 baƙi wlh ƙarar kawai ta hana ni barci, akwai kuma Honda CB500F a nan kusa. Na iya mashin, na hau Boxer sosai a gida. Wanne zan ɗauka?

Sarkin Totur: Wa alaikumus salam ƙanena. CB500F, magana ta ƙare. Boxer ɗin da kake taƙama da ita cc 100 ce, ƙarfin doki wajen 8. MT-07 cc 689 ce, doki sama da 70, kuma nauyinta kilo 184 ne kacal, ƙarfinta tun daga ƙasa yake zuwa, ka saki kulochi da gaggawa a giya ɗaya tayar gaba ta tashi. A Mararaba kake so ka koyi wannan, tsakanin bas da mai baro? Honda cc 471 ce doki 47, totur ɗinta da ladabi, tankinta lita 17 waccan 14. Ka saya ka gode min daga baya.

Ɗan Masaka: Na gode Yaya, amma ni ba yaro ba ne da zan riƙa murɗa totur, magidanci ne ni. Kuma an ce duk wanda ya sayi 500 ba ya daɗewa yake gundura ya koma neman babba, ni kuma kuɗin nan sau ɗaya gare ni.

Sarkin Totur: Wa ya ce? Mashin bai san magidanci ba. Rami ne zai girgiza maka hannu totur ya murɗu ba da niyyarka ba.

Na Kubwa: Ku biyun duk kun bar gini. SV650 ta Suzuki ita ce tsakiya, tun 1999 aka fara yin ta, cc 645, kujera ƙasa-ƙasa milimita 785, ta MT kuwa 805. Malam tsawonka nawa? ba ka faɗa ba, kuma a goslo ƙafa ce ke aiki, kowane minti kana dire ta. Ko Z650 ta Kawasaki ma ka duba.

Sarkin Totur: SV ta kusa kilo 200 malam, ya tura ta a rairayin Masaka da damina ya ba mu labari.

Bakanike: Ni tambayata daban ce, wa zai gyara maka? Duk waɗannan injekta ne ba kafireto ba, in ban da SV ta kafin 2003, mai gyaran acaɓa na bakin titi ya taɓa maka waya ɗaya ka shiga uku. Man bumburutu kuma ka manta da shi, datti famfon mai yake kashewa. Sannan taya, faɗin ta bayan MT milimita 180 ne, ta Honda da SV da Z650 160, ka je ka tambayi kuɗin kowace kafin ka yi soyayya da ƙara. In gaskiya kake so MT tana da abu ɗaya, sai kilomita 40,000 ake duba bawul ɗinta, Honda 24,000. Amma wace shekara ce? tana da ABS, wato birkin da ba ya kulle taya? Waɗanda aka sayar sababbi a Turai daga 2017 dole suna da shi, na Amurka kuwa ba lallai ba.

Ɗan Masaka: Oga ka ga ma kenan MT ta fi sauƙin riƙo. Shekarar zan tambaye shi, amma a bidiyo tsaf take ko ƙwarzane babu.

Mai Haƙuri: Hmm ku dai kuna ta lissafin doki. Ni nawa na kaina ne, da lamba da takardu cif, ranar nan masu kamen acaɓa suka tare ni suka cire makulli ko sauraro babu, na nuna katin aiki na nuna komai, sai da na wuni a rana ina waya kafin a sake min, madubi ɗaya a karye kuma ba wanda ya ce sannu. Tun 2006 aka hana acaɓa a cikin gari amma har yau wasu ba sa bambance mai haya da mai zuwa ofis.

Na Kubwa: Babban mashin ba a cika tare shi ba ai, naka ƙarami ne shi ya sa.

Mai Haƙuri: Ƙarami ba mutum ke kai ba?

Maman Biyu: Ni dai ina bayan matarka wlh. Maigidana ma haka ya yi, kuɗin duka ya tafi a mashin, hular kwano kuwa wata ta leda-leda ya sayo, jaket ya ce zafi. Ka ware kuɗin hula ta kirki mai rufe haɓa da safar hannu da takalmi tukuna, gangaren Kugbo da tireloli ba wasa ba ne. Kuma in an yi ruwa fa, ko ba za ka je aikin ba?

Ɗan Masaka: Hajiya ruwa ai wata nawa ne, akwai rigar ruwa. Hula kuma mutumin ya ce zai haɗa min da ita kyauta.

Sarkin Totur: Hular da ba ka san sau nawa ta bugi kwalta ba? Ƙanena saurara, takardar kwastan ka gani? Lambar shasi ta yi daidai da ta takarda? Lasisinka na mota ne, mashin ajin A ne, ka yi? Honda tana kusa da kai, ka je da safe injin na sanyi ka tayar da kanka, ka duba sarƙa, ka leƙa ko cokulan gaba masu riƙe tayar gaba na zubar da mai, ka bar ta a tsaye har fanka ta ɗauka. Ta bidiyo me za ka duba?

Ɗan Masaka: Yaya duk na ji, sai dai mutumin abokin ɗan ajinmu ne ba zai cuce ni ba, kuma gaskiya na riga na tura masa kafin alƙalami tun jiya don akwai wani mai so. Abin da nake son sani yanzu a mota zan sa a ɗoro min ita ko in je in tuƙo ta in saba da ita a hanya.

Bakanike: Daga Legas?? Ta Lokoja?

Sarkin Totur: To shawarar me ka zo nema tun farko.

Na Kubwa: Har yanzu dai ba ka faɗi tsawonka ba. Wai Hondar nan a ina take, turo min lambar mai ita ta bayan fage, ƙanina na nema.