Kawuna na so in buɗe babban shago, ni kuwa ƙaramin ya ishe ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Agege da ke Legas, keke biyu gare ni da yaro ɗaya mai koyo. Kaftani da babbar riga nake ɗinkawa, ni nake awo, ni nake yanka. Alhamdu lillahi ana rufa asiri, har a aika wa na gida. Yanzu kawuna da ke kasuwanci a Mile 12 ya ce zai zuba kuɗi in kama babban shago, in ɗauki teloli, mu riƙa karɓar kwangilar kayan makaranta. Raina bai kwanta ba. Ɗinki nake so, ba tsaron ma'aikata ba. Yaya zan yi in ƙi ba tare da ya ga na raina alherinsa ba?

Dattijo tela, Idi-Araba: Wa alaikumus salam ɗana. Zauna ka yi lissafi tukuna. Shago a Legas kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga na ejan, ga na takardar yarjejeniya, allura ba ta taɓa yadi ba an kwashe jarin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta kaɗai ya isa ya cinye ribar mutum. Kayan makaranta kuwa kasuwar Satumba ce, sauran watannin da me za ka riƙe teloli? Sannan wanda ya saba da yankanka, ranar da ya sa riga ya ji hannun wani ne, ba zai yi maka magana ba, ƙafa zai ɗauke.

Hajiya mai abinci, Obalende: Baba ya faɗi gaskiya, amma ƙanena ka duba wani abu. Sana'ar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya kwanta ciwo an rufe. Mun ga 'yan uwanmu masu acaɓa da aka hana su aiki a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu wurare a watan Yunin 2022, wanda ba shi da ajiya ya ji jiki. Ka zauna a ƙaramin, amma ka yi wa shagon rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka raba kuɗin sana'a da na cefane, ka shiga adashi. Yaron nan kuma ka koya masa yanka, kada ka riƙe.

Malamin islamiyya, Agege: Tambayi kawu, bashi ne ko jari? In bashi ne, ko an faɗi sai ka biya. In jari ne na mudaraba, wato shi da kuɗi kai da aiki, riba a raba yadda aka yi sharaɗi, asara ta hau kan mai dukiya matuƙar ba ka yi sakaci ba. Ko wanne ne a rubuta da shaidu. Kuɗin da ba a fayyace ba ya sha raba zumunci.

Mai gyaran waya, Ikeja: Kada ka ba shi amsa ta waya, Malam. Je gidansa bayan isha'i, ka yi godiya sosai, ka nuna masa lissafin. Sai ka roƙi ƙaramin abu, misali keken zubi ɗaya, ka daina kai aikin wuya waje. Zai ji ka karɓi hannun da ya miƙo.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Keken zubin nan na daɗe ina sonsa. Ranar Juma'a in sha Allahu zan je wurinsa, kuma zan roƙi Malamin islamiyya ya raka ni saboda maganar rubutun.