Ta ina zan fara karatu kan karya daidaiton Lorentz?

Auta: Salamu alaikum. An ba ni aikin bincike kan ƙa'idojin filin kwantam masu karya daidaiton Lorentz (wato ƙa'idar da ke cewa dokokin kimiyyar lissafi da gudun haske iri ɗaya ne ga duk mai tafiya da gudun da ba ya canzawa), yadda suke kasancewa idan makamashi ya yi sama sosai. Me zan fara karantawa?

Malam Babba: Wa alaikumus salam. Nemi bitar David Mattingly ta 2005, kyauta ce a arXiv, ma'ajiyar takardun bincike ta intanet. Daga nan sai aikin Colladay da Kostelecký na 1997 da 1998.

Sarkin Lissafi: Allah ya gafarta Malam, wannan zai cinye mata zango guda, ita kuwa saman makamashi take tambaya. Auta, ɗauki Anselmi da Halat na 2007, sai Hořava na 2009. Dabarar ita ce a raba lokaci da sarari, kowa da ma'auninsa. A wajen Hořava z = 3 ne: in tsawo ya ninku sau 2, lokaci ya ninku sau 8. Da haka lissafin da kan tsere ba iyaka yake lafawa, kuma tunda a ɓangaren sarari aka yi wa lissafin ƙari, ba a haifo fatalwar ƙwaya ba, wato ƙwayar bogi da ke ɓata ƙa'idar.

Yaya: Zuma ce, amma da harbi. Ƙanwata, kafin daɗi ya kwashe ki, karanta Collins, Perez, Sudarsky, Urrutia da Vucetich na 2004. Sun nuna ɓarakar da aka yi can a ma'aunin Planck, wato can ƙololuwar makamashi, ba ta zama a can. Gyare-gyaren kwantam kan sauko da ita ƙasa, har kowace ƙwaya ta sami nata iyakar gudu dabam da na haske. To wa ya taɓa ganin haka?

Sarkin Lissafi: Ai Chadha da Nielsen sun nuna tun 1983 daidaiton na iya dawowa a ƙaramin makamashi.

Yaya: Yana dawowa, amma da tafiyar logaridim, sannu sannu ƙwarai, awo kuwa ba ya jira. A GW170817, karon taurari biyu da aka gano a 2017, hasken gamma ya iso daƙiƙa 1.7 kacal bayan igiyar nauyi, alhali sun yi tafiyar shekarun haske kusan miliyan 130.

Malam Babba: Haɗa da GRB 090510, fashewar hasken gamma da na'urar Fermi ta kama a 2009. Alƙaluman awo kuma, ga jadawalin Kostelecký da Russell, amma ki ɗauko sabon bugu, kusan duk shekara ake sabunta shi.

Auta: Na gode ƙwarai. Hořava zan buɗe yau, Collins gobe in Allah ya kai mu.

Yaya: Juya su.