Waɗanda suka taɓa haɗa gatarin dutse da hannunsu: yaya kuka yi da ƙota?

Sagir Zariya:
Assalamu alaikum. Na sa kaina aikin haɗa gatarin dutse irin na mutanen da, ba ƙarfe, ba injin gurza, ba gam ɗin kanti. Dutsen dai na gama shi, in na riƙe a hannu yana ɗaye ɓawon ice. Ƙota ce ta tsaye mini a wuya. Duk wadda na huda na cusa dutsen, ana fara sara sai ta tsage daga ramin har kai. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa nake so ya yi magana, bidiyon YouTube kam na kalla har na gaji.

Baba Masassaƙi:
Wa alaikumus salam. Yaro, jikana ne ke rubuta mini, ni sassaƙar turmi da ƙota ce sana'ata. Na taɓa yi wa wani ɗalibi irin wannan, kuma kafin ka faɗa na san abin da ya faru: ka yi rami daidai jikin dutsen, ya cika shi ta ko'ina. To dutsen naka gindinsa siriri ne, yana kauri zuwa baki, kowane sara kuwa ƙara tura shi ciki yake. In kumatunsa suna taɓa gefen ramin, kai da kanka kake faskara ƙotar. Wuri biyu kawai zai taɓa, sama wajen kai da ƙasa wajen hannu. Hagu da dama ka bar 'yar kafa, in ka ɗaga wa rana ka hango haske. Ice yana jure matsi ta tsawonsa, ba ya jure a buɗa shi ta gefe.

Sai zaɓen ice. Nemi reshen da ke da ƙulli, ka huda ƙasa da ƙullin kaɗan, ka bar kai mai kauri, don a nan jijiyar icen ta murɗe, tsagewa ba ta samun hanya. Gatarinmu na ƙarfe ma ai haka kan ƙotarsa yake, ba don ado ba. Marke da aduwa na fi yarda da su. Kirya ta fi su tauri, amma hudata da wuta sai mai dogon numfashi.

Sagir Zariya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi kamar kana wurin. Ramin da me aka huda, tunda ba kurfi ba wuƙa?

Baba Masassaƙi:
Da garwashi. Ka ɗora ƙarami a inda kake so, ka riƙa hurawa ta bututun gora, in wurin ya yi baƙi ka kankare da tsinin dutse, ka sake ɗora wani. Gefen da ba ka so wuta ta ci, shafa masa jiƙaƙƙen yumɓu. Ka ci rabi ta nan, ka juya ka ci rabi ta can. Kuma gawayin nan ka kankare shi tas har ka tarar da lafiyayyen ice, in ba haka ba dutsen zai zauna kan toka, gobe ka ji yana girgiɗi.

Ɗan Biu:
Malam Sagir, wane dutse ka samu? Ina tambaya ne don da na zauna a Zariya na gwada irin na Kufena, mai ƙyalli-ƙyalli da manyan ƙwayoyi, bakinsa ba ya riƙe kaifi, marmashewa yake. Mu nan Biu Allah ya hore mana baƙin dutsen aman wuta, kamar yadda yake a wasu sassan Filato. Ƙwayarsa laushi gare ta, ba ka ganin ta da ido. Nakan shiga rafi in nemi wanda ruwa ya riga ya yi wa siffa, dogo mai ɗan faɗi, in ƙwanƙwasa shi da wani. In ya yi ƙara siririya lafiyarsa lau, in ya yi bif akwai tsaga a ciki, sai in yar.

Daga nan sai tsattsaga da farin dutsen ƙanƙara, tak-tak-tak, ba da ƙarfi ba, kowane bugu ɗan gari kawai yake cirewa. A cinya nake ɗora shi ko kan rairayi, don in ka ɗora kan fa ƙarfin bugun yana dawowa ya raba shi biyu. Kusa da baki kuwa ba a bugu sam, gogawa ce a kan falalen dutse da ruwa da yashi. Wannan gugar ita ke korar mutane. Kafaɗa ta yi tsami, fatar yatsu ta suɗe, maƙwabta suna wucewa suna tambaya ko lafiya. Abu ɗaya da zan ja kunne: kada a yi masa baki siriri irin na wuƙa. A bar shi da ƙumburi ta fuska biyu, ya gangaro a hankali. Siririn baki yana burgewa a hoto, ice mai tauri na farko zai ɓantare shi.

Sagir Zariya:
Wani baƙi ne mai ɗan kore-kore, wani aboki ya kawo mini daga wajen Jos. Bakin kam da ƙumburinsa.

Mahaman na Damagaram:
Ni ban huda komai ba, kuma gatarina yana sara. A hamadar Tenere ta Nijar ana samun gatura na da masu wuya, wato an gurza musu kwari kewaye da jiki. Su na kwaikwaya. Na tsattsaga kwarin, na sami ɗanyen reshe mai lanƙwasa, na fere tsakiyarsa ya yi siriri, na gasa shi sama-sama, na naɗo shi a wuyan dutsen, na haɗe bakin biyu suka zama mariƙi. Sai na ɗaure da ɗanyar fatar sa da ta kwana a ruwa. Da ta bushe ta tsuke, ko motsi babu. Baba, da girmanka, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Baba Masassaƙi:
Ɗana, da rani ka yi ko? Bari damina ta sauka ka ba mu labari.

Mahaman na Damagaram:
Gaskiya ne, da iska ta yi laima fatar takan saki, sai na shanya shi kusa da murhu. Na gwada liƙe shi da ƙaro, ruwa ya narkar, inda bai narke ba kuma ya farfashe da sara. Amma mu nan watanni nawa ne damunar?

Malama Hadiza:
Sannunku da ƙoƙari. Ilimin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa na karanta, kuma mun taɓa haɗa ɗaya muka sare ice da shi, don haka bari in ƙara abin da ba a taɓo ba: yadda ake saran. Da yawa daga ƙotocin da ke tsagewa hannun mai sara ne ke tsaga su. Wanda ya saba da ƙarfe daga kafaɗa yake ɗagowa ya maka. Na dutse gajeren sara yake so, daga gwiwar hannu, a karkace, da sauri-sauri, kana zagaya icen. Ba ya fitar da manyan ɓaraguzai, tauna icen yake, kututturen ya fito da tsini buzu-buzu. A shekarun 1950 masana a ƙasar Denmak sun gwada sare daji a Draved da gatarin dutse, su ma sai da suka fasa wasu kafin su gane haka. Kuma ɗanyen ice za ku nema, busasshe yana cinye baki.

Ga mai ganin wasan yara ne, ya tuna kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987. Ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000, tun kafin a san ƙarfe da nisa. A wuraren da mutanen Nok na da suka zauna kuma ana samun gatarin dutse da yawa, su da suka zo suka iya narka tama. A Gajiganna da Daima ta Borno ƙasar ba ta da duwatsu, daga nesa ake ɗauko su, shi ya sa ake tarar da gatari an yi ta wasa shi har ya zama ɗan guntu.

Alhassan Zangon Kumasi:
Ni hanyar gajarta na bi. Wani manomi ya ba ni wanda ya tsinta a gona, irin wanda muke kira gatarin aradu, Asante kuma suna cewa na Nyame ne, wato ubangijinsu, ya jefo daga sama. Sumul yake, an riga an yi aikin. Wasa bakin kawai na yi na sa ƙota. Kakata da ta gani cewa ta yi in fitar mata da shi daga gida kafin hadari ya haɗu.

Malama Hadiza:
Haba Malam Alhassan! Irin waɗannan a Gana wasunsu na mutanen da ne na yankin Kintampo, sun haura shekara 3,000. Sawun da ke bakinsa shi ke nuna me aka sara da shi, ka goge shi a yini guda. Don Allah wanda ya tsinta ya ajiye yadda yake, ya riƙe sunan gonar, ya sanar da gidan tarihi. Duwatsu ba su ƙare a rafi ba.

Alhassan Zangon Kumasi:
Na ji, Malama. Akwai na biyu a wurin manomin, zan ce ya adana.

Sagir Zariya:
Jama'a ga rahoto. Na sami reshen marke mai ƙulli, na huda da garwashi, na bar kafa hagu da dama. Na sare wani ɗanyen dogon yaro mai kaurin dantse, ƙota ba ta ce uffan ba. Sai dai yanzu in sara ya kauce, dutsen yakan faɗo. In ɗaure shi da fata ne irin na Malam Mahaman?

Baba Masassaƙi:
Icen ɗanye ka huda, yana bushewa ramin na sauyawa. Kada ka ɗaure dutsen, faɗowarsa ta fi karyewarsa. Ajiye ƙotar a inuwa ta gama bushewa, sannan ka shafa wa gefen dutsen baƙin gawayi, ka cusa, ka zare, inda ya bar tabo a sama da ƙasa nan za ka kankare kaɗan-kaɗan har ya zauna daram. Fatar kuma, in ka matsu, naɗa ta a kan ƙotar, sama da ramin da ƙasansa.