Raba jerin rubutu gida-gida a harshen kwamfuta na Python: abin da kowa ya gani

Mai buɗe zance, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina riƙe da jerin manoman albasa na yankin Galmi, kowane layi yana ɗauke da suna, gari da lambar waya a haɗe, kuma ina so in raba su zuwa jeri uku. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka ya gaya mana yadda ta kaya masa.

Wani ɗalibi, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni nakan yanka kowane layi da split, umarnin yanka rubutu, sannan in miƙa su duka ga zip, umarnin da ke haɗa na farko da na farko, na biyu da na biyu, da alamar tauraro (*) a gaba, sai sunaye su taru wuri ɗaya, garuruwa ma haka. Sai dai zip yana tsayawa ne a tsawon layi mafi gajarta, saboda haka idan mutum ɗaya tak ba shi da lamba, jerin lambobin gaba ɗaya zai ɓace ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba. Tun daga Python 3.10 ana iya ƙara strict=True domin ta tsaya ta yi ƙorafi, kuma ban ƙara aiki ba tare da shi ba.

Wata ma'aikaciya, Yamai:
Malam, kafin yanka a duba abin da ke raba kalmomin. Fayilolin da ke zuwa mana daga Excel na Faransanci da waƙafi mai ɗigo (;) suke rabawa, domin waƙafi zalla yana cikin adadi kamar 12,5. Na ga an yanka irin wannan fayil a kan waƙafi, nauyin buhu ya rabu biyu. Haka kuma split wanda ba a faɗa masa komai ba yana yanka a kowane fili, Birnin Ƙonni ya zama gari biyu. A ganina csv.reader, kayan aikin Python na karanta irin waɗannan fayiloli, ya fi aminci.

Wani malamin lissafi, Tawa:
Ni gari-gari na raba nawa da defaultdict, wani ma'ajin Python da ke tara abubuwa rukuni-rukuni. Wahalar da na sha ita ce wani ya rubuta Madaoua, wani Madawa, wani kuma ya bar fili a ƙarshe. Shi filin, umarnin strip ne ya share shi, amma bambancin rubutu da hannu na daidaita.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Na duba, nawa ma waƙafi mai ɗigo ne, don haka da shawarar Malama zan fara.