Wane RAM zan ƙara wa EliteBook 840 G2?

Ɗan Kubwa: Salamu alaikum. Kwamfutata HP EliteBook 840 G2 ce, RAM ɗinta (ma'adanar wucin gadi da take aiki da ita) 4GB. Za ta ɗauki 32GB in na je Banex, kasuwar kayan kwamfuta ta Abuja, na saya?

Mai Gyara Wuse 2: Wa alaikumus salam. A bisa bayanin kamfanin HP ba za ta ɗauka ba, malam. Ramuka biyu gare ta, iyakarta 16GB, wato 8GB a kowane rami. Kuma RAM nau'in DDR3L ake sa mata, mai 1.35V. 840 G3 da ta biyo bayanta ce ke ɗaukar 32GB, ita kuwa nau'in DDR4 ake sa mata. Kada wani ya liƙa maka DDR4, tsagar da ke jikin haƙoransa ba wuri ɗaya take ba, ko shiga ba zai yi ba.

Hajiya Garki: Ƙanena, fara duba Windows ɗinka. In 32-bit ce, ko ka cika ramukan ba za ta yi amfani da fiye da 4GB ba.

Mai Gyara Wuse 2: Gaskiya ne, Hajiya. Wajen sakawa kuma, zare caja, cire batir. Tura RAM ɗin a karkace, ka danna ƙasa har maƙallan biyu su ce ƙas. In ka kunna allo ya tsaya baƙi, galibi bai zauna daidai ba ne. Ciro ka sake sawa tun kana gaban mai shagon.