Tunda zuwan Yesu ya kusa, a ɗage aure ne?

Shugaban Matasa: Salama, iyayena da 'yan'uwa. Wasu matasa suna cewa ba amfanin tara kuɗin aure ko gina ɗaki tunda ƙarshen zamani ya zo, suna kafa hujja da 1 Korantiyawa 7:29, inda aka ce lokaci ya rage kaɗan. Me zan gaya musu?

Dattijo: Ɗana, su karanta surar gaba ɗaya. Aya ta 28 ta ce wanda ya yi aure bai yi zunubi ba, aya ta 9 kuma ta shawarci wanda ba zai iya kamewa ba ya yi aure. Inda ake samun matsala shi ne tashi na shekara huɗu ko biyar ba a sa rana ba. Daga nan sai ciki, sai horon ikkilisiya. Su je wurin fasto, iyaye su gana, a yi gwajin jini tun kafin a kai sadaki (AS da AS, wato in duka biyun suna ɗauke da ƙwayar sikila, sai su haƙura), sannan a sa rana.

Malamin Baibul: Ranar zuwan Yesu ma ba wanda ya san ta, Matiyu 24:36. A Amurka mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, sun jira zuwan Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844, har wasu manoma suka bar amfanin gona bai girbu ba. Gari ya waye, ga yunwa ga kunya. Bulus kuwa ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, 2 Tasalonikawa 3:10.

Uwar Zumunta: Baba ya gama magana. Ni dai gaba da rashin jituwa tsakanin yaranmu ce ta fi damuna. Matiyu 18:15-17: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka same shi ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Yaranmu da WhatsApp suke farawa.